Merle Mai Kashe Wuta

Merle Hostetler mutumin Indiana ne kamar ni, kuma duk cikin Amurkawan da suka yi ritaya suka tare a Ajijic ban ga mai taurin kai irinsa ba. Ya daɗe a ƙasar Meziko, amma murhun gashinsa daga gida ya yo dakonsa. Haka biskit, haka farar alewar nan mai laushi da muke tsirewa a tsinke mu kanga a wuta, in ta narke mu danne ta da cakulan tsakanin biskit biyu. Wai na nan ba su yi ba. Ranar da matar maƙwabcinsa ta miƙo masa biskit ɗin kantin unguwa, kallon da ya yi masa sai ka ce takalmi aka ba shi ya ci.

Matarsa Doreen ce mai jama'a, da ta rasu kuwa gidan ya yi tsit. Maƙwabcin nasa Don Chuy, direban bas, ya sha kiransa gashin naman Lahadi. Merle ya ce shi ba ya cin naman da ba a soka masa ma'aunin zafi ba. Ga mutanen da tun kaka da kakanni suke gashi, amma wai shi ne zai nuna musu yadda ake yi.

Ana nan sai 'yarsa Shelby ta zo daga Amurka duba shi, ta ga yadda yake zaune shi kaɗai.

"Baba, in ka faɗi a banɗaki wa zai sani?" in ji ta. "Na samo maka ɗaki a gidan tsofaffi kusa da mu."

"Ni? Ina da mutane, yarinya. Bari Asabar ta zo ki gani."

Ya gayyaci Don Chuy da iyalinsa gashin nama, irin gayyatar garinmu: a zo da la'asar, a watse kafin duhu. Na ja shi gefe na ce, "Merle, a nan in an ce la'asar, sai rana ta faɗi ake shiga wanka."

"Lorraine, lokaci lokaci ne," ya ce da ni.

Ranar Asabar daga ni sai wasu tsofaffin Amurkawa biyu, su ma ci ya kawo su, da suka ƙoshi suka kama gabansu. Sauran naman ya bushe a kan wuta kamar ƙirgi. Shelby tana ta kallon ƙofa. Rana na faɗuwa Merle ya miƙe, ya ɗauko bokiti ya sheƙa wa wutar ruwa, ya motsa tokar da sanda, ya ƙara ruwa, ya taɓa da bayan hannu ya ji ko da sauran zafi. Haka aka koya masa a sansanin daji tun yana yaro, kuma bai taɓa saɓawa ba.

Bai ajiye bokitin ba sai ga hayaniya a bakin ƙofa. Don Chuy ne da matarsa da 'ya'ya da jikoki, an turo tsohuwarsa a keken guragu, wani ɗan'uwa ya rataye jita, ga tukunyar wake ana riƙe da ita biyu-biyu.

"Maƙwabci, mun iso," in ji Don Chuy. "Ina wutar? Yaran nan tun safe suke zancen alewarka."

Ga abin da yake nema ya zo har ƙofa, a gaban 'yarsa. Abin da ya rage kawai ya ce su shigo. Sai ya duba agogo.

"An tashi, Chuy. Ai na faɗa maka lokaci."

"Haba Baba," in ji Shelby.

"Ba a sake hura wutar da aka kashe."

Raina ya ɓaci. Su Don Chuy suka juya da tukunyarsu. Washegari Shelby ta fara ɗaure masa kaya.

Murhun ta bar wa Don Chuy. Duk Lahadi jikokinsa suna kanga alewa a kai da biskit ɗin kantin unguwa, kuma na ci, babu abin da ya raba shi da na Indiana. Merle yana can gidan tsofaffi, inda ko ashana ba a yarda ka ƙyasta ba. Shelby ta ce ana ba su abincin yamma a kan lokaci.