Shirun Iya da Malam Sabo Ya Yanke

Har yau in na tuna Malam Sabo sai raina ya ɓaci. Amma bari in fara da Iya, kakata ta wajen uba, tunda ita aka yi wa ɓarnar.

A garinmu Ɗanzomo, da an ci tuwo mukan kewaye murhunta tun garwashi bai mutu ba. Iya tana da wani hali: daidai inda tatsuniya ta ɗau zafi sai ta yi tsit, ta kama tona wuta da kara. Ba ta ci gaba sai wani ya ce, "Sai aka yi yaya, Iya?" In muka yi nauyin baki ta harare ni. "Kai maigidan nawa, cefane ba ka kawo ba, tambayar ma sai na roƙa?"

Wadda na fi so ita ce ta kurciya da ɗan koli. Ya ji waƙarta a kan tsamiya, ya ce wannan ai sai kasuwar Maigatari. Ya kama ta, ta ƙi shiga gorarsa. Ya fige fiffike, ya datse jela, har ta shiga. A nan Iya take shirunta mafi tsawo, mu kuwa kamar mu yi kuka. Sai mun tambaya take cewa, "Ya isa kasuwa da nama. Waƙa tana can kan tsamiya."

Da na girma na shiga wata 'yar makarantar fim a Gumel, ina koyon aikin rediyo da talabijin da shirye-shiryen da ake sa wa a waya. Aka ce kowa ya ɗauko muryar wani dattijo. Na ari rakodar makaranta, na hau babur sai gida. Lokacin Iya ta tsufa tukuf, amma ta sa aka tara yara, ta yi tatsuniyar kurciya da shirunta duka.

Malam Sabo, malaminmu, ya ɗora muryar a kwamfuta a gaban aji. "Kun ga inda layin muryar nan ya kwanta? Shiru ne. Shiru a rediyo asara ne, a waya kuwa mutum wucewa zai yi." Ya bi wuraren shirun ɗaya bayan ɗaya yana yankewa, har da tambayar yara, wai hayaniya ce.

Na ce, "Malam, don Allah a bar mini na asalin."

"Wane na asali? An goge katin rakodar, wasu na jiran ta."

Haba! Ko tambayata bai yi ba! Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Ya mayar da Iya mai karanta sanarwa, tana zuba ba numfashi, shi kuma yana murmushi wai ya gyara. Kafin a sake ba ni aron rakodar, Iya ta rasu. Figaggiyar kurciyar nan ita kaɗai ta rage mini, kuma ban yafe ba tukuna.

Yanzu nakan kunna wa 'yata Hauwa muryar a waya. Na san kowane wuri da aka yanke. In an zo inda kurciya ta shiga gora sai in tsayar da muryar da yatsa, in yi shiru.

"Sai aka yi yaya, Baba?"

"Ba ni za ki tambaya ba."

Ta matso kusa da wayar. "Sai aka yi yaya, Iya?"

Sannan in saki.