Muryar Ruƙayya a Kan Bishiyar Darbejiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Sha'aban, da hantsi, Ruƙayya Dabo ta rasu a ƙofar gidansu a Omdurman, da jarkar ruwa a hannunta. Ni ƙanwar mahaifiyarta ce, a bayana ta yi wayo.

Ruƙayya, aikinki koya wa kwamfuta sauraro ne. A masana'antar sabulu ta Bahri, na'urarki kan ji ciwon inji tun kafin ya tsaya. A gonar kaji ta Alhilla Kuku, takan tsinto tarin kaza ɗaya cikin dubbai. Asibitin yara kuwa kyauta kika yi musu wadda ke bambanta numfashin jarirai. Na taɓa ce miki kin zama 'yar gulmar injuna. Kika kira ni inna da Larabci, kika ce, "Khala, su aƙalla ba sa ƙarya."

Da yaƙi ya zo, abokan aikinki suka yi Masar, ke kika zauna. Kika rataya na'ura a darbejiyar layinmu, kika koya mata kukan jirgi marar matuƙi. Tsofaffinmu ba sa motsawa don jiniya, sai kika ɗauki muryarki da Hausa: "Iya, ku shiga ɗaki."

Ranar da jirgin ya kashe ki, na'urar ba ta yi magana ba. Wani magidanci, mai gemu da carbi, ya cire batirinta don ya yi cajin wayarsa. Na san shi. Ya zo gaisuwa, ya sha shayi, har ya ja mana Fatiha.

Ranar sadakar uku muna zaune a tsakar gida, an mai da batir, babu iska, ko ganye ba ya motsi. Sai muka ji ki daga saman bishiya, a natse, har da ɗan tarin da kike yi kafin magana. Mahaifiyarki ta amsa, "Na'am." Muka shige ɗaki da kofuna a hannu. Bam ɗin jirgin ya faɗo kan tabarmin da muka tashi.

Yanzu mazan layi sun yi shawara wai a sauke ta. Wai bai dace mamaciya ta riƙa kiran rayayyu ba, wai yara na firgita. Wanda ya cire batirin ya fi kowa ɗaga murya. Na ce musu yaron da ya firgita yana da rai. Na kai kujerata gindin bishiyar. Mai son hawa ya fara ɗaga ni.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarki Yaya Indo, da mijinki Zainul'abidin, da 'yarki Arwa, wadda har yau ke ɗaga kai tana neman ki cikin rassa. Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya karɓe ki cikin shahidai. Mu kuma Ya nuna mana ranar da sama za ta yi tsit, ki daina kiran mu.