Ranar da Baba Ya Fesa wa Lagireto Fenti

Maigidana mutum ne mai natsuwa a komai, ban da harkar babur. Shekarar da ya sayo wani ƙaton babur ɗan Kwatano, irin mai shan ruwa kamar mota, sai da na zaci an canza min miji. Yakan dawo daga kamfanin robobin da yake aiki a Sharada, ko takalmi bai cire ba ya tsuguna yana shafa shi. Abu ɗaya ne ke ci masa rai, wato lagireto, ragar ƙarfen nan ta gaban inji da ke sanyaya ruwan. Fentinsa ya kwaile, ya yi dabbare-dabbare. Wata Alhamis sai ga mutumin nawa da gwangwanin fentin ƙofa ruwan gwal da buroshi, baki har kunne.

Ni 'yar mai fenti ce. Ban san inji ba, amma na san kaurin fentin ƙofa. Na ce, "Yallaɓai, in ka laɓta masa wannan, ta ina iska za ta shiga? Bari mu kai wa Baba."

Gaskiya ba don babur na faɗa ba. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa yana feshin fenti a wani kamfanin gadajen ƙarfe a Challawa. Da aka rufe sashensu ya dawo gida Ɗorayi ya zauna a zaure, zaman kuma ya ƙi ƙarewa. Masallacin ƙofar gida ne iyakarsa. Mutumin da in ya fara barkwanci sai Umma ta bar girki ta riƙe ciki, ya koma "to" da "uhm". Muna kallo yana shanyewa a zaune, abin kuwa yana ba ni tsoro ƙwarai.

Cikas ɗin shi ne kunyar surukai. Tun aurenmu, maganar da ke haɗa Baba da maigidana ba ta wuce gaisuwa. Shi ya tsuguna can nesa kai a ƙasa, Baba ya amsa yana kallon bango.

Ranar Asabar muka je. Na ajiye gwangwanin gaban Baba na ce, "Wai yana so ku duba masa, lagireto zai yi wa fenti." Baba ya ɓamɓare murfin, ya tsoma tsinke, ya ga yadda fentin ke saukowa da ƙyar. Sai na ji wata 'yar dariya ta hanci da na daɗe ban ji ba.

"Tambaye shi, babur yake so ko ƙofar gidan Alhaji?"

Shi ke nan na zama 'yar aike tsakanin mutanen da ke jin numfashin juna. Baba ya ce in ce masa ya kwance lagireton. Maigidana ya ce in ce musu to. Baba ya ce in ce masa ya je ya samo fentin feshi na gwangwani, baƙi, wanda ke jure zafi, gwal ɗin kuma in ya matsu ya shafa wa marfin gefe. Maigidana ya ce in ce musu an gode. Ni dai ina tsakiya ina juya kai dama da hagu, dariya na cina ba halin yi.

Kafin ya dawo daga kasuwa Baba ya fito waje da kansa. Ya wanke lagireton da tsohon buroshin haƙori, ya bi siraran ƙarafan da suka lanƙwashe da bakin wuƙa yana miƙar da su ɗaya-ɗaya, ya shanya a rana. Ya toshe bakin bututun da tsumma. Umma ta leƙo ta ga abin da ake shiri, ta ce wallahi da wannan tarin nasa ba zai shaƙi fenti ba. Ta ɗauko gyalenta mai furanni ta ɗaure masa hanci da baki. Haka Baba ya tsaya a tsakiyar layi, da hula da gyale, ko a jikinsa.

Ya ja da baya, ya girgiza gwangwanin, ya wuce da hannu sau ɗaya, shuu, kamar mai fesa turare. Ya jira ya sha iska, ya sake wucewa. Maigidana ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya: "Ki ce musu kamar fa bai kama ba."

"Ya kama," in ji Baba ta cikin gyale. "In ka ƙara, kafofin za su toshe, inji ya dahu." Ya ɗaga lagireton saitin rana, haske ya ratso ta kowace kafa. "Zo ka gani da idonka."

Ba ta bakina saƙon ya bi ba. Na mintsini Umma, ta rama.

Da aka ɗaura aka zuba ruwa, babur ya fito fes. Sai Baba ya kwance gyale ya ce ba a sanin lafiyar lagireto sai inji ya ɗau zafi a hanya, shi kuma ba ya sallamar aikin da bai ga ƙarshensa ba. Maigidana ya fara gumi, don ya gane surukinsa zai goya. Baba ya tattare riga ya hau, ya zauna can ƙarshen kujera, ya bar filin da buhun shinkafa zai shiga tsakaninsu, ya riƙe ƙarfen baya. Ramin farko na bakin layi kuwa, sai ga hannuwan Baba biyu sun cafke kafaɗun maigidana. Ni da Umma muka zube a zaure. Mun yi dariya har ta Umma ta koma kuka, ta ce in rabu da ita, daɗi ne.

Sai bayan la'asar suka dawo, buɗu-buɗu da su. A gida maigidana ya ba ni labari. Sun je Challawa, sun zago Sharada, allurar nuna zafin inji ba ta ɗaga ba. Baba ya ce wannan ba gwaji ba ne, su tafi Bompai inda tireloli da Adaidaita Sahu ke cushewa. Can ma ba ta ɗaga ba. Ya ce duk hanya Baba na yi masa surutu a kunne, yana ɗaga wa mutane hannu. "Har rake muka sha," in ji shi, "kowa ya ba ɗan'uwansa baya."

Washegari da sassafe aka yi sallama a ƙofar gidanmu na Sharada. Na leƙa, sai ga Baba da wankakkiyar riga, shi kaɗai ya hawo Adaidaita daga Ɗorayi. Tun da aka kawo ni gidan bai taɓa taka layin ba.

"Maigidan naki ya tashi? Akwai abokin aikinsa mai irin babur ɗin nan yana jiranmu, zan fesa wa nasa lagireton fenti."

Na ce, "Baba, ku shigo ku sha koko mana."

"Kawo nan na sha a tsaye, sauri muke."

Rabon da in ji Baba yana sauri har na manta. Na koma ciki ina zuba kokon, rabi a kofi rabi a ƙasa.