Masu Wucewa a Ƙarƙashin Kwara

'Yan uwa, ni ba mai yawan rantsuwa ba ne, amma wallahi abin nan da idona na gan shi, da rana tsaka kuma. A Malanville ne, lokacin da aka toshe gadar kan iyaka, kowa ya koma ƙetare kogin Kwara ta jirgin ruwa zuwa Gaya da ke ɗaya gacin. Ina tuƙa jirgin wana, mai inji, ranar kuma na cika shi maƙil da mata da yara da buhunan albasa, har da mahaifiyata, Inna, za ta barkar haihuwa.

Mu masu jirgi muna da ka'ida tun kakanni. Akwai wani gurbi mai zurfi a tsakiyar kogin, in an zo kansa a kashe inji, a bar ruwa ya ja jirgi, kuma ba a ambaton ƙafewar kogi a bisa kogi. Ko ɗan duwan, wato jami'in kwastan, ya hau jirginka, ya san a nan ake kama baki.

Cikin fasinjojin akwai wani fasto daga kudu, dattijo siriri da farar riga, Hausarsa ta kasuwa. Mutumin kirki ne, shi ya riƙe wa Inna ƙullin kayanta. To Inna, Allah ya ja kwananta, ba ta iya zama kusa da baƙo ba ta tona shi ba, sai ta shiga tambayarsa yadda tashin duniya yake a wajensu. Ya ce a littafinsu akwai yaƙi na ƙarshe, rundunar alheri da ta sharri za su haɗu a fili guda, amma kafin nan sai wani babban kogi ya ƙafe domin mayaƙa su sami hanya. Na kashe inji ke nan, ina ta yi masa alama da hannu, shi bai san ka'ida ba, ita kuma daɗin hira ya sa ta manta inda muke. Har da dariyarta ta ce, "To Pasto, in wanga kogi namu ne, ta ina za su bi?"

Jirgi ya tsaya cik.

Ba karo muka yi ba, tsayawa ce kamar an aza shi bisa tudu, alhali damina ce, ruwa na gudu ta kowane gefe yana neman shigowa. Na cusa gora don in tura, a wurin da gora uku ba su taɓa ƙasa, sai ta daki abu mai tauri nan kusa. Na zaro ta, innalillahi, bakinta a bushe, da jar ƙasa busasshiya tana zuba a tafin hannuna.

Sannan muka ji shi a tafin ƙafafunmu, ta katakon jirgi. Dif, dif, dif, tafiyar mutane masu ɗimbin yawa, da kofatai, duk sun nufi gabas. Yara suka fashe da kuka, jirgi ya fara karkata, ruwa ya taɓa buhunan. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don Inna ba ta iya iyo, rabin jirgin ma haka. Kowa ya kama salati. Faston da ya kawo zancen ya durƙusa cikin ruwan da ya shigo, ya ɗaga hannu yana cewa, "Ba yau ba, Ubangiji, akwai yara."

Ko addu'ar wa aka karɓa, oho. Jirgi dai ya saki, ruwa ya ja mu har gaci. Da muka sauka faston ya kama hannuna ya tambaye ni tun yaushe suke wucewa. Na ce ni ma yau na fara ji.

Inna ba ta sake hawa ruwa ba. Ni kuwa na kasa zama, na kasa bari, kullum na zo gurbin sai na tuɓe takalmi na taka katako. Wasu ranaku shiru. Wasu ranaku suna nan, ba su gama wucewa ba, kuma ban taɓa jin ko ɗaya ya dawo ba.

Don haka in kun hau jirgi kuka ga mai shi ya kashe inji, don Allah ku yi shiru, tambayar ta jira tudu.