Ko Ƙofar Banɗakinmu Ta San Wannan

Maigidana mutum ne da idan ka ce rigarsa ta yi kyau, saura kaɗan ya ba ka haƙuri. Haka aka raine shi a gidansu a Zariya. Duk abin da ya yi, in an yaba, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ba wani abu ba ne, kowa ma zai iya." Wannan halin na cikin abin da ya sa na aure shi, kuma shi ne ya kusa sa mu tattara komatsanmu mu bar Kuala Lumpur.

A lokacin muna zaune a wani bene a Taman Melati, ni da shi da 'yarmu. Shi yana bincike a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a a Bukit Jalil, ni kuma ina gida, ƙarshen mako in yi tuwo da miyar kuka 'yan Najeriya su zo su yi tapau, wato a ƙulle musu su tafi da shi. Bizata da ta yarinyar duk a jikin tasa suke rataye, tasa kuma a jikin aikinsa.

Aikin nasa kan fuskar waya ne, irin wadda ake kira OLED. Yadda ya fahimtar da ni, tsohuwar fuskar waya fitila ce ke haska ta daga baya, wannan kuwa kowane ɗigo da kansa yake ba da haske, shi ya sa baƙinta yake baƙi ƙirin, har lanƙwasa ta ake iya yi. Sai dai sinadaran da ke ba da hasken ba sa shiri da danshi ko kaɗan. Da zarar ya shiga sai baƙaƙen tabo su fara fitowa suna yaɗuwa kamar fumfuna a jikin burodi. Ana rufe su da wasu siraran shimfiɗu masu tauri, amma duk kyan shimfiɗar ba a rasa 'yan ramukan da ido ba ya gani, ta nan danshin ke lallaɓawa. Mu kuwa a garin da wanki ke yini a igiya bai bushe ba muke.

Ƙofar banɗakinmu ta katako ce, in ruwan sama ya yi yawa sai ta kumbura ta cije. Na yi mita har na gaji. Wata safiya ta rufe ni a ciki, ina bugu ina kiransa. Na ji takunsa ya zo, ya tsaya, bai buɗe ba.

"Malam, me kake yi ne?"

"Ƙofar nake kallo. Kin san yanzu ko haske ba ya wucewa ta gefenta?"

Na ce masa in bai buɗe ni ba yanzun nan, shi ne zai ga haske.

Daga nan tunanin ya zo masa. Akwai wani sinadari mai kama da roba da ke kumbura in ya sha danshi. Ya ce in aka shimfiɗa shi siriri a tsakanin masu taurin nan, duk ramin da danshi ya biyo, sinadarin zai kumbura a daidai wurin ya toshe shi. A baki abu mai sauƙi. A aikace kuwa sai da 'yarmu ta tashi daga rarrafe ta kai shiga makaranta kafin abin ya tsaya da ƙafarsa. Ni ce shaida, domin ni nake ganin fuskarsa in ya dawo, ni nake kwashe abincin da bai taɓa ba.

Da abin ya yi, jami'a ta nema masa takardar mallaka, wadda suke kira patent. Shaida ce daga hukuma cewa kai ka ƙirƙiro abu, ba mai amfani da shi na wasu shekaru sai da izini. Muka jira har na manta da zancen. Sai ga amsa daga mai binciken hukumar. Ya yarda abin sabo ne, amma ya ce a bayyane yake. Akwai tsohuwar takarda da ta yi bayanin shimfiɗu masu tauri, akwai wata da ta ambaci sinadarin nan mai kumbura, kuma a ganinsa duk mai wannan sana'a zai iya haɗa su. Abin da yake a bayyane kuwa ba a ba shi takardar mallaka, ko da ba wanda ya taɓa yin sa.

Ran nan ban iya cin abinci ba. Kamfanin da ke ɗaukar nauyin ɗakin gwaje-gwajen ya riga ya ce sai an samu takardar zai ci gaba. In bai ci gaba ba, aikin maigidana ya ƙare, bizarmu ta bi shi. Ba gida nake ƙi ba, Allah ya sani. Amma ba na son ya koma da hannu biyu bayan duk wahalar nan, ga yarinya da ta fara makaranta, in ka ce mata ta zo ta ci abinci sai ta ce "boleh", wato "to" da yaren mutanen Maleshiya.

Jami'a ta tura shi wurin lauyarta, wata 'yar Sin ɗin Maleshiya, gajeriya mai saurin magana. Na bi shi ne kawai don daga can za mu wuce kasuwa. Ta ba mu shayi, ta yi mana bayanin wani mutum da doka ta ƙirƙiro. Ba shi da suna, ba shi da gari. Ya karanta duk abin da aka taɓa rubutawa a sana'ar, ya iya aikinsa, amma bai taɓa tunanin sabon abu ba. Shi ake tambaya. In wannan mutumin zai iya kaiwa inda ka kai ba tare da wata dabara ta musamman ba, to ba ka ƙirƙiri komai ba. Nan take na tsani mutumin nan. Bai taɓa kwana da yunwa a kan aikin ba, amma shi ne alƙali.

Ta ɗauki biro ta dubi maigidana. "To, Doctor, faɗa min, me ya sa wannan mutumin ba zai gano abinka ba?"

Ya yi murmushin nan nasa, ya sunkuyar da kai. "Gaskiya, Madam, it's nothing much. Duk wanda ya zauna ya yi tunani zai gano. Ko ƙofar banɗakinmu ta san wannan."

Na take masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur, ya janye ta ya ce in yi haƙuri.

Lauyar ta ajiye biron. "Aiyo, Doctor. Kai da mai binciken nan bakinku ɗaya, lah."

Ta sake tambayarsa ta wata hanya. Ya ce sa'a ce kawai. Ta sake. Ya ce abokan aikinsa ne suka yi ƙoƙari. Duk tambayar da ta yi sai ya ƙara ƙanƙan da kansa, a ganinsa ladabi yake yi wa mace mai ilimi. A ƙarshe ta ce in mai abin da kansa yana ganin a bayyane yake, dole ta ba jami'a shawara ta janye. Ta ce mu je ya yi tunani, mu dawo mako mai zuwa.

Ba mu je kasuwa ba. A cikin LRT, jirgin ƙasan cikin gari, muka yi faɗa da Hausa ƙasa-ƙasa, ina murmushi don kada mutane su gane.

"Malam, kai fa ka je kare kanka ne, sai ka koma shaidar masu ƙara."

"To me kike so in ce? In zauna gaban baƙuwa in ce ni gwani ne? Inna ta ji wannan ai sai ta ce ba ita ta haife ni ba. Kuma ai Allah ne ya nuna min."

"Na yarda Allah ne ya nuna maka. To ka gaya mata irin wuyar da ka sha kafin ya nuna maka mana."

Ya juya yana kallon benayen Wangsa Maju ta taga kamar ranar ya fara ganin su.

Makon nan na zama lauya a gida. In zaunar da shi, in ɗaure fuska, in ce ya faɗa min abin da ya yi. Iyakar abin da na iya tatsa daga bakinsa shi ne, "Alhamdu lillahi, an ɗan taɓa." Raina ya ɓaci sosai, har na fara duba akwatunanmu ina tunanin abin da za mu bari.

Ranar Lahadi maƙwabcinmu, wani injiniya ɗan Jos, ya biyo daga coci ya karɓi tuwonsa. Ya leƙa falo ya ce, "Oga, how far? Yaya gilasanka, har yanzu suna mutuwa?"

Sai maigidana ya gyara zama. Ya fara ba shi labarin yadda ya fara sa sinadarin da kauri, ya kumbura ya fasa shimfiɗun gaba ɗaya. Yadda ya rage shi, sai ya ƙi toshe komai. Yadda ya gasa shi da zafi, hasken shuɗin ya mutu a gabansa. Yana yi yana kwaikwayon ƙarar fashewar da baki, suna ta dariya har da buga ƙafa. Ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, miya na ɗiga a ƙasa. Mutumin da ba ya iya haɗa kalma uku kan nasararsa, ga shi yana zuba kamar rediyo kan asararsa. A gidansu an hana yabon kai, amma ba wanda ya hana ba da labarin wahala.

Da muka koma wurin lauyar, tun kafin ta ɗauki biro na ce ina da magana. Na ce da ita, "Kar ki tambaye shi me ya yi. Ki tambaye shi me ya lalace."

Ta dube ni, ta dube shi, ta ɗaga kafaɗa. "Boleh. Doctor, me ya lalace?"

Shayinmu ya huce bai gama ba. Ta cika shafi ta juya. Ya faɗa mata kaurin da ke fasawa da wanda ba ya toshewa, da ɗan siririn tsakanin da abin ke yi, wanda shi kansa bai zata a nan yake ba. Ya faɗa mata yadda shugaban ɗakin gwaje-gwajen ya ce ya daina ɓata kaya. Yana dariya ya ƙara da cewa, "Ai ba laifinsa ba ne. Ita kanta tsohuwar takardar nan ta biyu, can wajen ƙarshe, ta ce a nisanta sinadarin daga irin wannan fuska, tunda ruwa yake sha. Ni ne dai mai taurin kai."

"Say again?"

Ya maimaita. Ta jawo takardar, ya nuna mata wurin da yatsa. Ta karanta, ta buga tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Doctor, mutumin nan nawa mai biyayya ne. In takarda ta ce kar ya bi wata hanya, ba zai bi ba. Kai ka bi, ka kuma samu abin da ba a zata ba. Wannan nake nema tun makon jiya!"

Ya ce, "Ai ba wani…" Na take masa ƙafa, wannan karon da dukan ƙarfina.

Ta rubuta amsa, ta haɗa da sakamakon gwaje-gwajen da suka lalace da wanda ya yi. Ta kuma rage faɗin abin da ake nema, ta tsaya kan kaurin nan da yadda ake gasa shi kawai. Na so in yi gardama, ta ce gara ƙarami da zai tsaya. Muka sake shiga jira na watanni, kullum in ya shigo fuskarsa nake fara dubawa.

Wata ranar Juma'a ya dawo daga masallaci da ledar roti, wata irin gurasa, daga shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi na ƙasan benenmu, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya ajiye ta a tebur ya ce, "An bayar." Na yi ihu har yarinya ta fito a guje. Na yi kuka, na yi dariya, na mayar da akwatuna saman kabad.

Da yamma ya kira Inna, ya sa wayar a bayyane muna ji. Bayan gaisuwa ta tambaye shi wai takardar mece ce wannan da ake ta murna. Ya dube ni, ya gyara murya.

"Inna, wani abu ne da mutane da yawa suka ce ba zai yiwu ba. Na sha wuya a kansa ƙwarai. Kuma ni na gano shi."

Na ce a raina shi ke nan, na jawo masa.

"Kul," in ji Inna. "Kar in ƙara jin wannan a bakinka. Ba kai za ka faɗa ba."

Ya sunkuyar da kai kamar tana ganinsa. "To, Inna."

"Mu za mu faɗa."

Muka ji ƙarar takalmanta tana fita tsakar gida, tana kiran matan gidan ɗaya bayan ɗaya, ta manta ba ta kashe wayar ba. Muka ji tana cewa ɗanta ya gano abin da ya gagari Turawa da mutanen Sin gaba ɗaya, wanda ko lauyar ba ta nema masa haka ba. Sai guɗa ta tashi daga Zariya ta cika mana falo. Maigidana ya rufe fuska da tafin hannunsa, kafaɗunsa na rawa, bai kashe wayar ba.