Wa Zai Riƙe wa Kawu Hipolit Tuta?

A garinmu, in namiji ya rasu, kafin a aika wa fada, limamin cocinmu, sai an aika wa Hipolit Zaremba. Shi ke riƙe da tutar Ƙungiyar Waliyyiya Barbara, kuma a wurinmu gawar da aka kai makabarta babu tuta a gabanta, kamar an jefar da ita ne. Ni Leokadia, da ake kira Lodzia, Kawu nake ce masa, don shi ya riƙe ni ranar baftismata, kuma ƙauyensu ɗaya da babana can Poland.

Yana saurayi ɗanye ya sauko daga jirgin ruwa, da akwatin katako da takalmin yayansa, ya zarce ramin kwal na Pennsylvania kamar kowa. A zamanin, in dutse ya danne mutum a ƙarƙashin ƙasa, keken dokin kamfani ke kawo gawar, a dire ta a bakin ƙofa, a juya. Kafin hawayen matar su bushe an ce ta kwashe 'ya'yanta ta ba da wuri, gidan na kamfani ne. Masu inshora kuwa, da ka ce kwal kake haƙa sai su nuna maka hanya. Shi ya sa iyayenmu suka taru a ɗakin ƙarƙashin coci suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wata kowa ya jefa ɗan abin da ya samu. Wanda ya karye a duba shi, wanda ya mutu a binne shi kamar mutum, matarsa ta samu abin riƙe yara. Da tafiya ta yi tafiya suka gina zaurensu na jan bulo. Nan ake biki, nan ake koya mana karatu da harshenmu ran Asabar, nan tsofaffi ke zagin juna a kan siyasar ƙasar da ba za su sake gani ba.

Tutar, iyayenmu mata ne suka ɗinka ta. Ta jan siliki ce, gefe guda farar mikiya, ɗaya gefen Waliyyiya Barbara da fitilar mahaƙa a ƙafarta, ga geza ta zaren zinariya kewaye. Sandarta ta kusa tsawon mutum biyu, gida biyu ce ake murɗawa a haɗa, sai an ɗaura ɗamarar fata mai ƙoƙo a gaba an dasa gindinta a ciki kafin a iya tafiya da ita. In an saukar da akwati cikin kabari, mai tuta zai matso ya sunkuyar da ita har gezar ta taɓa murfin, sau uku: ta farko ta Allah, ta biyu ta ƙasar da aka baro, ta uku ta 'yan'uwa. Sai an yi ta ukun ake tura ƙasa. Doka kuma ta ce ɗan Ƙungiya kaɗai ke taɓa sandar, mace ko da wasa. Kun ji fa! Mu ne ɗinki, mu ne guga, mu ne girkin ranar makoki, amma hannunmu bai kai ya ɗaga ta ba.

Ina yarinya ƙurar kwal ta gama cinye huhun babana. Ban yi kuka a gida ba, ban yi a coci ba, har mata suka fara cewa yarinyar nan zuciyar dutse gare ta. Sai da na ga Kawu ya matso cikin farar safar hannu, ya saukar da tutar nan a hankali, gezar ta kwanta a kan akwatin babana kamar ana shafa masa kai, sannan na fashe. Ƙungiya ce ta sa ba a kore mu daga gida ba, na sani. Amma in aka ce in faɗi abin da ta yi mana, gezar nan nake fara tunawa.

Kada ku ɗauka Kawu mutum ne mai daɗin zama. Taurin kai gare shi kamar alfadarin rami, magana kuwa sai ka ce sayenta yake. Matarsa Pelagia ta sha faɗa a kan goge safar nan. Amma ko ana zuba ƙanƙara, ko ranar aikinsa ce za a yanke masa lada, ko mamacin sun shekara goma ba sa ga-maciji, bai taɓa barin gawar ɗan'uwa ta hau tudun makabarta ba shi a gaba ba. Na taɓa tambayarsa ko ba nauyi. Ya ce, "Saukarwa ba aiki ba ne, Lodzia, ko jaki zai iya. Ɗagowa ita ce aikin."

Ɗansu ɗaya, Edmund. Ya tafi yaƙi yana Edmund ya dawo yana Eddie. Ran da Kawu ya fito da ɗamarar ya ce ya zo ya gwada, sai yaron ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, a wannan zamanin wa zai ɗauki zane a kan sanda yana yawo a titi?" Ba da mugunta ya faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Kawu ya naɗe ɗamararsa ya mayar da ita ma'ajiyarta. Ba a daɗe ba Eddie ya tafi Arizona sayar da na'urar sanyaya ɗaki.

Sai ramuka suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Samari suka watse neman aiki, aka bar tsofaffi da tari. Ƙungiyarmu ta shige cikin wata babba da ke Chicago. Ba zan yi musu ƙarya ba, in mutum ya mutu suna biyan iyalinsa, ba sa cin haƙƙin kowa. Sai dai zumunta a ƙafa take, su kuwa ba mai ƙafar zuwa tudunmu. Aka sayar da zauren wa wani mai tayoyin mota. Kawu ya saɓo tutar ya kai falonsa. Da Pelagia ta rasu ya sa aka sassaƙa dutse ɗaya da sunansu su biyu, nasa da shekarar haihuwa, aka bar gurbin shekarar mutuwa.

Haka ya yi ta raka su, har 'yan Ƙungiya suka rage saura biyu: shi da Walenty Kuras, wanda ke buga musu ganga a da, mai ɗingishi tun wani haɗarin rami. Ni lokacin mijina ya rasu, ina ɗinkin riguna a masana'anta. Duk Alhamis su biyun suke zuwa kicin ɗina cin pierogi, ƙullin fulawar nan mai dankali da cuku, su cika mini kunne.

Kawu zai ce, "Kai tsohon kwano, tarin nan naka ya fara isata. Kada ka kuskura ka riga ni."

Walenty ya ce, "Ji mini ɗan rainin hankali! Ni da na girme ka? Layi ake bi, ɗan'uwa."

"Wane layi? Shekara arba'in ina ɗauka wa mutane, yanzu lokacina ya zo a ɗauka mini."

"Da wace ƙafar zan ɗauka maka? Ka riƙe mini tawa dai, in na je can zan ajiye maka wuri kusa da murhu."

"Wurin da za a kai ka ai murhun ya yi yawa."

Su tuntsire da dariya har tari ya sarƙe su. Ni ma ina yi, amma duk mun san ba wasa ba ne. Wanda ya riga tafiya zai samu tuta. Wanda aka bari, babu ɗan Ƙungiya a bayansa. Kawu ba ya tsoron mutuwa, ya gan ta ya ƙoshi. Tsoronsa ɗaya, a hau da shi tudun nan shiru kamar mutanen da keken kamfani ke direwa.

Wata Alhamis na ce, "Kawu, in ta kai ga haka ni zan ɗauka maka."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke? Je ki duba tukunyarki tana ƙonewa."

Raina ya ɓaci, na dangwarar masa da faranti na ce ya je mazan su dafa masa. Ya cinye abinsa tas ya nemi ƙari.

Walenty ne ya ci tseren. Ya rasu gab da shigowar sanyi. Mu biyar muka raka shi har da fada. Kawu, ya haura tamanin, ya ɗaura ɗamara, ya sa safarsa, ya hau tudun nan yana numfashi kamar zugazugi. Ga iska. Ya saukar ta farko ya ɗago. Ta biyu ya ɗago da ƙyar. A ta uku iska ta cika tutar, ta ja shi, gwiwarsa ɗaya ta kai ƙasa. Na zabura zan kama sandar, ya daka mini tsawa, "Kada ki taɓa!" Na tsaya cak. Ya cije, jijiyoyin wuyansa suka fito, ya miƙe da ita tsaye, sannan aka tura ƙasa.

A mota muna komawa ya ce, "Ya cuce ni, Lodzia. Ɗan banzan nan ya riga ni." Sai hawaye. Ranar na fara ganin kukansa, ko a mutuwar Pelagia ban gani ba.

Cikin sanyin nan santsin ƙanƙara ya kwashe shi a bakin ƙofa, ƙugu ya goce. Eddie ya zo, ya ga uban shi kaɗai a gida mai sanyi, ya ce zai tafi da shi Arizona inda rana take. Wa zai ce ya yi laifi? Kawu ya sa shi ya yi alkawarin in ta Allah ta kasance zai dawo da shi kusa da Pelagia. Eddie na ɗaure akwati yana cewa, "To Baba, to, na ji."

Ranar tafiyar ya sa aka kira ni. Ya nuna tutar da ɗamarar da haɓarsa ya ce, "Ki ajiye mini. Ajiya na ce, ba ɗauka ba."

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe, mai doka."

Har an turo shi a keken marasa lafiya zuwa bakin ƙofa, sai ya kafa ido a bango ya ce, "Ƙafar hagu ake sa wa gaba. Nauyin a ƙugu ake barinsa, ba a hannu ba."

Na ce, "Kawu, ba kai ka ce mace ba ta taɓawa ba?"

"Wa ya yi magana da ke? Da kaina nake."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Bayan shekara biyu Eddie ya bugo waya. Ya ce Baba ya rasu, har an yi makonni. Na ce yaushe za a kawo shi. Ya yi ta kame-kame: hanya da nisa, ɗaukar gawa a jirgi wahala ne, sun samu makabarta mai kyau can kusa da su, da ciyawa kore shar. Ya ce, "Yaya Lodzia, ai ƙasar Allah duk ɗaya ce."

Na ce, "Wa ya raka shi?"

"Ni da matata, da wani fada."

"Tuta fa?"

Ya ce, "Wace tuta?"

Ban zage shi ba, ko da yake zagin ya zo mini har leɓe. Na ajiye wayar, na zauna a kicin na yi kuka har na gode Allah.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci na raba sandar biyu, na rungumi tutar na hau tudun ni kaɗai. Ga dutsen nan, ga sunan Pelagia, ga nasa, ƙasar gefensa ba a taɓa tona ta ba. Na haɗa sandar, na ɗauko ɗamarar. Ashe duk ramar da yake yi yana huda mata sabon rami da ƙusa, na ƙarshen ya zauna a ƙuguna daidai. Na dasa gindin sandar a ƙoƙon, na sa ƙafar hagu gaba, na ce, "Kawu, ta Allah." Na saukar a hankali har gezar ta taɓa sunansa.

Na zo ɗagowa, ta ƙi. Kafaɗar da keken ɗinki ya cinye ta ce ba da ita ba. Na mai da nauyin ƙugu yadda ya ce, na cije, na yunƙura, na sake yunƙurawa, sai sandar ta kufce daga ƙoƙon ta faɗi. Silikin ya tsufa, ya yage tun daga fiffiken mikiyar har ƙasa, ya lulluɓe dutsen. Na durƙushe a wurin na ce, "Ka yi gaskiya, tsoho mai taurin kai, ɗagowa ce aikin."

Ta Allah kaɗai ya samu. Ta ƙasar da ya baro da ta 'yan'uwa, waɗanda bai taɓa hana kowa ba ko maƙiyinsa, shi ba wanda ya yi masa. Na ɗinke yagar da hannuna, tutar tana bayan kabad ɗina. Gurbin shekarar nan a kan dutsen kuwa, har yau ba a rubuta komai ba.