Ranar da Kawu Ya Saki Maɓalli

Akwai wata Lahadi da ko na tsufa na zubar da haƙora ba za ta fita daga raina ba. Labarinta ya faro ne tun ranar da na ɗaga kai a wani tsakar gida a unguwar Titirou, na ga siririyar waya an ɗaure ta daga ƙololuwar mangwaro zuwa kan rufi, tana ƙyalli a rana. Na tambayi kawuna wace doguwar mata ce take shanya a can. Ya yi dariya ya ce, "Uwata, eriya ce. Ta nan muryoyin duniya suke sauka."

Gidan na ƙungiyarsu ne, masu lasisin magana ta rediyo don sha'awa. Kawu ɗan kasuwar atamfa ne a Banikanni, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Idonsa ya fara rauni, shi ya sa ya ɗauke ni in riƙa rubuta masa lambobin waɗanda suka kira. Ni kuwa lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya. Duk muryar da ta keto shuuu ɗin nan ta fito, sai na yi mata fuska da gida da tarihin baƙin ciki.

A shekarar ne suka yi niyyar shiga gasa a ƙungiyance. Tasha ɗaya, ana karɓa-karɓa a kan kujera, wanda ya fi yawan tashoshin da ya yi magana da su shi ya ci. Maganar kuwa ba ta wuce lambar kira da "cinq-neuf", wato ina jin ka rangaɗau, sai na gaba. Don atisaye, rabin 'yan ƙungiya sukan tafi wata gona a Bariénou, wajen Djougou, su kafa tasu eriyar su riƙa kiranmu a guje kamar baƙi daga ƙasashe.

A nan aka gano ciwon Kawu. Ba ya iya amsa wa mutum bai gaishe shi ba. Da ya danna maɓallin makirfo, wanda in ka danna a ji ka, in ka saki ba a ji, sai ka ji, "Ina wuni? Ina gajiya? Ya doya, ta yi ƙwai? Ya ƙafar mahaifiyarka?" Kafin ya gama da mutum ɗaya, wani ya sallami goma.

Shugabanmu malamin makaranta ne, Metir muke ce masa. Ya yi haƙuri har ya gaji. Wata rana ya cire tabarau ya ce, "Baba, don Allah, gasa ce, ba zaman suna ba."

"Mutum ya yi mini sallama daga uwa duniya, in jefa masa cinq-neuf kamar ƙashi? Ko a kasuwa ba a ciniki kafin gaisuwa."

"To, Lahadi mai zuwa atisayen ƙarshe. In aka sake tambayar doya, ranar gasa ku ne mai shayi."

Kowa ya yi dariya, har da Kawu. Amma a kan babur muna komawa gida ya wuce mai gasa masara bai ko kalle ta ba, shi da ba ya wuce ta bai tambaye ta yara ba. Na san shekarun da ya yi yana jiran wannan kujera.

A cikin masu kira daga Djougou akwai wata murya mai sanyi, ba ta ƙari ba ta ragi. Na riga na yanke cewa mai ita dogo ne, miskili, an taɓa yaudararsa. Na karɓi lambar wayarsa wurin Metir, na kira shi na faɗa masa damuwata kan Kawu. Ya ce, "Ƙanwata, in mutum ya ci ya ƙoshi, ba ya kallon kwanon wani. Ku zo da wuri ranar Lahadi."

Muka zo da hantsi, tun kafin a fara. Kawu na zama rediyo ta buɗe: "Baba, kun tashi lafiya? Ina gajiya? Ya kasuwa? Ya Hajiya? Ya akuyar nan da ta haihu?" Ashe layi suka yi a gonar. Wannan ya gama ya miƙa wa wancan, kowa da irin tasa tambayar, har da mai gonar da ya gaishe shi da yaren Dendi. Kawu ya amsa, ya amsa, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka, har muryarsa ta dushe ya nemi ruwa. Sai muryar nan ta ce, "Baba, mun gaisa ke nan. Yanzu sai ciniki."

Metir ya ɗaga hannu, aka fara. Wallahi ban san bakin Kawu yana da gudu haka ba. Lamba, cinq-neuf, na gaba. Lamba, cinq-neuf, na gaba. Alƙalamina har zamewa yake don gumi. 'Yan ƙungiya suka bar shayi suka kewaye mu.

Ashe Metir ya ɓoye tarko. Can tsakiya sai ga wata tsohuwar murya ta kira. Aminin Kawu ne na Djougou, wanda suka yi fataucin goro tare tun suna samari, sun daɗe ba su haɗu ba, kuma ba ya cikin layin safe. Na ga bakin Kawu ya buɗe, "Ina" ta riga ta hau leɓensa. Na riƙe gefen rigarsa. Ya runtse ido ya ce, "Cinq-neuf," ya saki maɓalli, sannan ya dubi rediyon ya zubo da ita a guje: "Ina wuni ina gajiya ya iyali ya tsufa, ɗan banza, sai yanzu ka tuna da ni!" Ya sake dannawa ya karɓi na gaba kamar ba abin da ya faru.

Ihu ya tashi. Metir ya durƙushe yana dariya har tabaransa ya faɗi. Da aka tashi ya zo da kansa ya miƙa wa Kawu kofin shayi da hannu biyu ya ce, "Baba, kujera taku ce."

Ranar gasa, kafin lokaci ya yi, Kawu ya danna maɓalli ya gaida mutanen gabas da na yamma, na kudu da na arewa, ya tambaye su iyali gaba ɗaya. Ba mu zo na ɗaya ba, ko kusa. Amma babu baƙon da ya wuce ta hannunsa bai sami "ina gajiya" ba, ko da bai ji ta ba.

Mai muryar nan kuwa, da na gan shi, gajere ne mai yawan dariya, ba wanda ya taɓa yaudararsa. Littattafaina sun yi ƙarya, amma ban yi asara ba: shi ne baban 'ya'yana.

Abin da na koya shi ne, in hali mai kyau ya tare hanya, ba kashe shi ake yi ba, wuri ake nema masa. Yanzu Kawu ba ya gani sam, ba ya fita kasuwa. An kafa masa eriya a kan rufinsa a Banikanni, kuma duk Lahadi da hantsi ana layi a gaishe shi, daga Djougou har ƙasashen da bai taɓa takawa ba. A cikinsu akwai wani Bature da bai iya komai da Hausa ba sai "lafiya lau". Kawu yakan tambaye shi doya, shi da ko a hoto bai san ta ba, kuma ba mai ce wa Kawu ya saki maɓalli.